Dabinon Bakin Katanga

Bani Harisa, Madina
4 ga Maris, 2002

Zuwa ga Gwaggo Kaltuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya ke da mutanen gida da dangi na Funtuwa baki ɗaya. Yaya ƙafar? Mu nan lafiya lau. Surukarki Hannatu ta warke daga murar da alhazai suka bar mana, tana gaishe ki. Na ba Alhaji Maigandi wasiƙar nan tare da ƙaramin kwalin dabinon ajwa, in kwalin bai iso a cike ba kin san wanda za ki tuhuma.

Kin ce in faɗa miki aikina da Hausar da tsohuwar shugabar makaranta za ta gane, tunda kin gaji da ce wa mutane wai ina danna kwamfuta a Madina. To ga shi. Kamfanin dabino nake wa aiki. Yana da gonaki goma sha ɗaya a Al-Awali, da wurin tsincewa da zubawa a kwali, da shaguna uku. Mai shi, Shehu Sharfuddeen, jikan mutanenmu ne da suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Ni nake tattara labarin komai: itace nawa ke kowace gona, kilo nawa aka sauke, nawa ya lalace, wane iri masu ziyara suka fi saye a shagon Uhudu. Sai in mai da shi rahoto.

Tattarawar ba wuya, rabawar ce aiki, don kowa da irin cikinsa. Shehu ana buga masa cikakke da Larabci, shafi arba'in da manyan baƙaƙe, a ɗinke, yana karantawa bayan la'asar. Ɗansa Fahad, wanda yanzu shi ke juya ofis, shafi ɗaya yake so ta imel, da zane mai launi-launi. In ya kai shafi biyu sai ya ce na cika surutu. Abokan cinikinmu na Jidda ana aika musu na Turanci, irin dabino da kyansa kawai, ba labarin cikin gida. Masu kula da gonaki kuwa kowa faks ɗin gonarsa kaɗai yake samu. Yanzu Fahad ya fito da na biyar: takarda guda da za a manna a bangon wurin tsincewa da ƙofar masallacin ma'aikata, a jera gonaki daga wadda ta fi bayarwa zuwa ta ƙarshe, kowace da sunan mai kula da ita. Ya ce hakan zai sa su himma.

A nan ne maganar ta taɓo ɗan'uwanki Baba Idrisa. Kin san shi ya sauke mu a gidansa wata biyu da muka zo, shi kuma ya kama hannuna ya kai ni wurin Shehu. Da na raba kilon bara da yawan itace, sai gonarsa ta faɗo ƙarshe, alhali ita ce mai rijiyar kirki da itatuwan kirki. Na je na same shi a saman dabino yana ɗaura furen namiji a jikin na mace, mutum mai shekara sittin da takwas. Da ya sauko na tambaye shi, ya daɗe yana kallona kafin ya kai ni bakin katanga ya nuna mini layin itace arba'in. Ya ce marigayi mahaifin Shehu ya bar wasiyya cewa 'ya'yan wannan layi ba a aunawa, ba a sayarwa. Duk Sha'aban shi Baba yake kai su gidajen wasu mata da mazansu suka rasu da wasu masu rufin asiri, gida goma sha tara, kamar tsarabar gona ce daga gare shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ban da Shehu ba wanda ya sani, har Fahad.

Na lallashe shi ya ba ni bayanin gida-gida da sunayensu don abin ya cika, na yi masa alkawarin Shehu kaɗai zai gani. Na sa shi a shafi na ashirin da uku na babban rahoto, sauran takardun huɗu kuwa ban sa ko kalma ba. Ina jin na yi dabara, Gwaggo, sirri ya tsira, aiki kuma ya fita.

A gaida kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Muhammad Awwal


Funtuwa
28 ga Maris, 2002

Awwalu,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, kwalin ma ya iso, an taɓa shi kaɗan amma na yafe wa Maigandi. Ƙafa da sauƙi, sai dai in hadari ya taso ita take fara sanar da ni. Ki gaida kanki, Hannatu, na san kina leƙen takardar ta kafaɗarsa.

Na gode da bayani. Ashe aikin da na yi shekara talatin da alli da jan biro shi aka kai ka Madina kake yi da lantarki. Ni ma sakamakon yara kala uku nake fitarwa: na ofishin ilimi, na iyaye, da wanda nake faɗa wa yaro ni da shi a ofis, ƙofa a rufe. Wannan na ƙarshen shi ya fi amfani, kuma ba a rubuta shi.

Abu biyu zan faɗa maka, ka ji ko kada ka ji. Na farko, an ba ka sirri a bakin katanga, ga shi kwana kaɗan ya ƙetare teku ya zo Funtuwa. Ni ba zan faɗa wa kowa ba, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ka riƙa tunawa.

Na biyu, kuma shi ya sa na ɗauki biro yau ban jira ba: kada ka bari a manna takardar bangon nan da sunan mutane. A shekarata ta farko ina shugabar makaranta na manna sakamako a jikin allo daga ta ɗaya har ta ƙarshe, ina jin kaina wayayya. Yarinyar da ta zo ƙarshe ba ta sake zuwa ba. Daga baya na ji ashe wata biyu tana jinyar uwarta. Ni na san dalili daga baya, allon kuwa har aka cire takardar bai sani ba. Kai ka ɓoye dalili a littafin da mutum ɗaya ke karantawa, ka kai hukunci bangon da mutum ɗari ke wucewa. In Fahad ya matsa, ka je ka ce wa Shehu ya kira ɗansa ya gaya masa da bakinsa. In ba haka ba, ka cire gonar Yaya Idrisa daga jerin, ka ce tana da nata tsarin.

Sau ɗaya na taɓa ganin Yaya Idrisa, shekarar da na yi hajji. Ya ɗauko ni daga masauki ya kai ni gonar nan, ya hau da kansa ya tsinko mini, yana yi mini Hausar kakanninmu da rabi Larabci. Kakarsa da kakata ciki ɗaya suka fito. Mutum ne da ba zai buɗe baki ya kare kansa ba ko za a yanka shi, irin gidanmu ke nan, kai ne dai ka fita daban da surutu.

Maigandi ya ce zai koma umara nan da sati biyu, shi zan ba wa. Allah ya yi muku albarka.

Gwaggonka,
Kaltuma


Bani Harisa, Madina
9 ga Yuni, 2002

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu nan jiki lafiya, zafi ne dai ya sauka sosai.

Wasiƙarki ta Maris sai kwana uku da suka wuce ta shigo hannuna. Alhaji Maigandi bai samu biza da wuri ba, takardar ta yi wata biyu a aljihun jakarsa. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na zauna na sake karantawa. Ihu ne bayan hari, Gwaggo, kuma ba laifinki ba ne.

A tsakiyar Afrilu Shehu ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, aka kai shi asibiti a Jidda. Har yanzu maganarsa ba ta fita sosai. Babban rahoton da na kai masa yana nan a kan teburinsa cikin leda, ba a buɗe ba. Ranar biyu ga Mayu Fahad ya ce in buga takardar bango. Na buga. Na sa gonaki uku na sama da kore, ta ƙarshe da ja, don haka nake yi masa a tasa ta imel kuma yana so. Ban ma yi tunanin canza launin ba.

Kafin azahar magana ta zagaye. Ma'aikata ba wawaye ba ne, sun san wace gona ce ta fi ruwa da itace. In gonar Baba ta zo ƙarshe, to ina dabinon yake zuwa? Sai wani ya tuna yana ganin tsohuwar motar Baba cike da buhuna duk Sha'aban. Ba wanda ya furta kalmar, amma kowa ya ji ta. Baba ya zo sallah, ya tsaya a ƙofar masallaci ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa. An ce ya shiga ya yi sallarsa a sahun farko kamar kullum. Da aka idar ya zo ofis, ya ajiye makullan gona a gaban Fahad. Fahad ya tambaye shi da Larabci ko yana da bayanin da zai yi. Baba ya ce, "Khalas, ya waladi," wato shi ke nan ɗana, "na tsufa," ya juya ya fita.

Ina zaune a teburin da ke kusa, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Baba bai kalle ni ba, da shigarsa da fitarsa. Ni kuma ban ce uffan ba.

Na yi sati biyar ina gaya wa kaina amana ce ta rufe mini baki, tunda na yi alkawarin Shehu kaɗai zai gani. Da wasiƙarki ta zo na daina yi wa kaina wannan ƙaryar. Tsoro ne. Ikamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, za ta ƙare a Yuli, sabunta ta yana hannun Fahad, kuma ba ya son a nuna masa ya yi kuskure a gaban mutane. Na auna zaman iyalina a Madina da mutuncin tsohon da ya ba mu ɗakinsa ya koma kwana a falo, na zaɓi nawa. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ke ce kaɗai zan iya gaya wa.

An ba wani gonar. Ban je gidan Baba ba, ƙafata ta ƙi. Hannatu ta je sau biyu, matarsa Inna Zaituna ta karɓe ta da shayi da fara'a, ta tambayi lafiyata, ba ta ɗaga maganar ba ko kaɗan. Hannatu ta ce da zaginta aka yi da ya fi mata sauƙi. Ta ce ta hango Baba a bayan gida yana ba wa 'ya'yan dabino biyu da ya dasa a cikin garwa ruwa.

Ki faɗa mini abin da zan yi. Wannan karon ta gidan waya na aiko, ke ma ki yi haka, kada a jira matafiyi.

Ɗanki,
Muhammad Awwal


Funtuwa
27 ga Yuni, 2002

Awwalu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Taku uku. Ka ma auna. Mutumin da ya ciyar da kai wata biyu aka kira shi ɓarawo da ido, kana riƙe da abin da zai wanke shi, ka zauna kana kallon allon kwamfuta. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, tare muka tashi a gida ɗaya, matsoraci ne a kan kare da allura, amma ban taɓa ganin ya ji tsoron faɗin gaskiya ba. Wa ya ba ka ikamar tun farko in ba wanda ya kama hannunka ya kai ka ba?

Kana tambayata abin da za ka yi, kamar ba ka sani ba. Sati biyar sun zama bakwai, kafin takardar nan ta iso sun zama tara. Tsoho ba ya da shekarun jira. Ka tashi ka je wurin Fahad. A inda aka ɓata Yaya Idrisa a nan za a wanke shi, kuma kada ka rage komai don tsoron wani. In ikamar ce ta tafi, ku dawo, ɗakin soro yana nan babu kowa, Funtuwa ma ana danna kwamfuta yanzu.

Kada ka sake rubuto mini sai ka yi.

Kaltuma


Bani Harisa, Madina
21 ga Yuli, 2002

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan fushin ya sauka, da ƙafar ma. Muna lafiya.

Na yi. Washegarin da wasiƙarki ta zo na ɗauko rahoton Shehu daga leda, na buɗe shafi na ashirin da uku na ajiye a gaban Fahad. Ya karanta sau biyu. Mutumin da kullum in ka yi masa Hausa da Larabci yake amsawa, ranar sai ya ɗago ya ce da Hausa, "Kakana ne ya yi wannan?" Idonsa ya kawo ruwa. Bai yi mini faɗa ba, sai cewa ya yi don me ban nuna masa tun ranar ba.

Sai na faɗa masa maganarki, cewa a inda aka ɓata mutum a nan ake wanke shi, ba a kuma rage komai. Ya yarda nan take. Na buga shafin yadda yake, na manna a bangon wurin tsincewa da ƙofar masallaci, daidai inda waccan ta zauna. Na tura ta faks gonaki goma sha ɗaya, na tura ta imel ga duk mai imel a kamfanin. Na ɗan yi tunanin rufe sunayen gidajen, sai na ga in babu su za a ce shiri ne muka yi don mu rufa wa dangina asiri. Da sunaye kuwa kowa zai iya bincikawa ya gani.

Da kin ga masallacin ranar. Mutane sun yi cirko-cirko suna karantawa. Wanda ya fara maganar buhuna ya zauna a dakali ya rufe fuska. Da yawa sun ce za su je neman gafara. Fahad ya ce makullan suna jiran mai su, ya kuma sa hannu a takardar ikamata ba tare da na tambaya ba.

Na je gidan Baba sau uku in kai masa albishir da kaina. Duk zuwa Inna Zaituna sai ta ce ya fita, ko da yake takalmansa suna bakin ƙofa. Ina jin kunya ce irin ta manya, zai huce. Na ji sauƙi a ƙirjina karon farko tun Mayu, kuma ke ce sila.

Ɗanki,
Muhammad Awwal


Funtuwa
14 ga Agusta, 2002

Awwalu,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, ruwa ya yi yawa bana, katangar bayan gida ta zube amma ba wanda ya ji ciwo.

Na karanta wasiƙarka na ajiye, na kasa cin abinci. Sunaye, Awwalu? Sunayen matan mutane a ƙofar masallaci?

Ba abin da nake nufi ke nan ba. Nufina ka gaya wa Fahad komai ku biyu, shi kuma ya tsaya a gaban ma'aikata bayan sallah ya ce ya bincika, dabinon yana zuwa inda kakansa ya yi umarni, Idrisa amintacce ne, a nemi gafararsa. Magana uku ta isa. Mai kamfani in ya faɗa da bakinsa ba wanda zai nemi shaida. Fahad ne ya kamata ya ga duka, su kuwa abin da ya shafe su kaɗai.

Amma ba zan ɗora maka kai kaɗai ba. Na ɗauko wasiƙarka ta Maris daga cikin adaka na sake dubawa, ga shi nan ka rubuta da hannunka, gida-gida da sunayensu. Idona ya tsallake wurin, ni da na yi shekara talatin ina kama yara da laifin rashin karanta tambaya har ƙarshe. Sannan na rubuta maka cikin fushi, layi biyu, ban ce wa za a gaya wa duka ba, wa za a gaya wa rabi. Na san halinka, in an ce ka kawo ruwa sai ka kawo rijiya. Ni na ba ka wuƙar, ban nuna maka inda za ka yanka ba. Garin neman gira mun rasa ido, ni da kai.

Ka je ka cire takardun nan yau, ko da yake abin da ido ya gani ba a cire shi. Takalman Yaya Idrisa kuwa ba kunya ce ta bar su a bakin ƙofa ba, so yake ka san yana ciki. Kada ka je da albishir. Ka je ka zauna, in an ce ya fita ka ce za ka jira, kuma kada ka kai wani bayani. In ya ba ka dama ka ce masa ƙanwarsa ta Funtuwa tana neman gafara, da hannunta a ciki.

Gwaggonka,
Kaltuma


Bani Harisa, Madina
12 ga Ramadan, 17 ga Nuwamba, 2002

Gwaggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Ina fatan an gyara katangar. Hannatu tana gaishe ki. Shehu ya dawo gida daga Jidda, yana zama a kujera, yana gane mutane amma magana sai kaɗan-kaɗan.

Ki yafe mini shirun wata uku. Ban so in rubuto ba sai na ga ƙarshen abin, yanzu na gani.

Takardun na cire su tun ranar da wasiƙarki ta zo, amma sun riga sun yi fiye da wata guda a bango, faks ɗin kuma yana gonaki goma sha ɗaya. Abin da ban lissafa ba shi ne ma'aikatanmu a unguwannin nan suke zaune. Wani maƙwabcin gidan ne, wani surukin gidan. Akwai wata dattijuwa a Uhudu, Rakiya, mijin 'yarta yana aiki a wurin tsincewa. Shekara ashirin tana raba wa surukanta dabinon nan tana ce musu tsohon abokin mijinta ne ba ya mantawa da zumunci. Ita ma haka ta ɗauka. A bango surukin nata ya karanta cewa sadaka ce, da sunanta, da yawan abin da ake kai mata.

Da Sha'aban ya kama, Fahad ya so ya cika wasiyyar kakansa da zuciya ɗaya. Ya sa aka zuba dabinon bakin katanga a kwalaye masu kyau, aka loda a motar kamfani mai tambari, aka bi gidajen da rana tsaka. Na ce masa a nemi wata hanya, ya ce ai yanzu ba abin ɓoyewa. Gida goma sha ɗaya cikin goma sha tara sun mayar. Rakiya ta ce wa direban ya yi kuskuren gida, ta rufe ƙofa a hankali. Kwalayen suna nan a sito. Da na zo haɗa rahoton wata na rasa inda zan sa su, ba a sayar ba, ba su lalace ba, ba a kuma bayar ba.

Baba kuwa na bi maganarki. Na je na zauna a bakin ƙofa ranar Juma'a huɗu a jere, daga la'asar zuwa kusan magariba. A ta biyar, jiya-jiyan nan, Inna Zaituna ta ce in zaga baya. Na same shi tsugune gaban 'ya'yan dabinon nan biyu na cikin garwa. Ya rame. Na gaishe shi ya amsa, ya tambayi Hannatu, ya tambaye ki. Na isar da saƙonki, ya ce ke ba ki da laifi, nesa ce. Na ce Fahad yana roƙon ya karɓi makullansa. Ya ce gonar tana hannun mai ƙarfi yanzu, kuma abin da yake tsarewa a cikinta ba ya nan.

Na nemi gafararsa a kan takardar farko, a kan shirun da na yi a ofis. Ya girgiza kai, ya ce wannan tun ranar ya yafe, ya san ina da iyali a ƙasar mutane. Ya ce da ya ajiye makullan nan ya riga ya shirya yadda zai yi, Shehu zai warke ko Fahad zai gane, in ma ba haka ba zai nemi sabon mai kula da gonar a asirce su ci gaba da kaiwa. Sai ya zuba sauran ruwan a garwa, ya ɗago ya kalle ni, karo na farko tun Mayu.

"Da ka bar ni ɓarawo, ya waladi," ya ce. "Ni sunana ɗaya ne. Nasu goma sha tara."

Muka zauna har aka kira sallah. Inna Zaituna ta kawo dabino uku-uku a faranti muka buɗe baki, na kasuwa ne, na gane shi.

Alhaji Maigandi zai kawo miki wasiƙar nan ba kwali, kada ki tuhume shi, ni ne na kasa aikowa. Da na tashi tafiya Baba ya rako ni har bakin titi, ya ce in gaishe ki da kyau. Bai ce in dawo ba.

Ɗanki,
Muhammad Awwal